Haɗa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan

Yara, ana iya sayen kayan kwamfuta ɗaya-ɗaya, a haɗa. Mai kuɗi kaɗan sai ya yi lissafi tukuna.

Wasa yana tafiya sumul in kwamfuta tana zana hoto 60 cikin sakan guda. Katin hoto ke wannan aiki, shi ya sa ake ba shi kaso mafi girma.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tilas ta dace da babban farantin da ake dasa ta. Ta AMD ba ta shiga gurbin ta Intel.

Fitilu masu launi ba su ƙara gudu, a bar su. Amma kada a yi rowa wajen akwatin wuta. Marar kyau in ya ƙone, yana iya ɓata sauran kaya. Araha ba ta ado.