Motarka na rasa ƙarfi jefi-jefi? Yadda waya za ta kama matsalar kafin garanti ya ƙare

Cikin matsalolin mota, wadda ta fi wahalar da mai ita ita ce wadda ke zuwa ta tafi. Mota mai ƙarfin gudu irin BMW 335i ko Mercedes-Benz C300 za ta taso daga Ƙofar Durbi lafiya lau, ta hau hanyar Kano, direba ya taka totur zai wuce tirela, sai injin ya mutu murus na 'yan daƙiƙu, mota ta ƙi ja. Idan aka kashe aka sake tayarwa, sai ta koma garau. Washegari a kai ta gareji, a zagaya da ita, makanike ya ce bai ga komai ba.

Hatsarin iri biyu ne. Na farko na rai ne, domin motar da ta saki ƙarfi a tsakiyar obatekin tana iya jefa mutum gaba da gaba da wata. Na biyu na aljihu ne: garanti yana da wa'adi na shekaru ko na kilomita, kuma dila ba ya canza kayan da bai tabbatar sun lalace ba. Idan wa'adin ya cika ba tare da an rubuta ƙorafin ba, gyaran ya koma wuyan mai mota. Mafita ita ce a kama matsalar a lokacin da take faruwa, kuma wayar da ke aljihu za ta iya wannan aikin.

Me ya sa mota ke rage wa kanta ƙarfi?

Kowace motar zamani tana da kwamfuta mai sarrafa injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Tana karɓar rahoto daga na'urorin awo da dama: yawan iskar da ke shiga, ƙarfin turin mai, zafin ruwan lagireto, da matsayin totur. Idan wani rahoto ya saɓa wa abin da take tsammani, sai ta rage ƙarfin injin da gangan don kada ya yi ɓarna, wani lokaci ta riƙe motar a giya ɗaya. Ke nan sau da yawa ba injin ne ya gaza ba, kwamfutar ce ta ja masa linzami, kuma tana rubuta dalilinta.

Wannan rubutun yana da tsari ɗaya a duniya, mai suna OBD-II. An wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Kafarsa soket ce mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana jona mata ƙaramar na'ura irin ELM327, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi, sannan a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner a karanta.

Abin da wayar za ta nuna

Abu na farko shi ne lambar matsala. Ga waɗanda suka fi alaƙa da rasa ƙarfi:

P0300 zuwa P0308: wuta na tsallake. P0300 na nufin silinda daban-daban, P0301 silinda ta 1, haka har zuwa ta 8. Galibi fulogi ne, kwail ko nozul.

P0087: turin mai zuwa nozul ya yi ƙasa. A duba famfon mai da matatarsa.

P0171: iska ta rinjayi mai a cikin haɗin.

P0101: na'urar awon iska tana ba da rahoton da bai dace ba.

P0299: turbo ba ya tura iska yadda ya kamata.

P0420: matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi, ta rage aiki.

Abu na biyu ya fi lambar daraja. A daidai lokacin da kwamfutar ta rubuta matsala, tana adana hoton yanayin injin: gudun mota, juyin injin, zafinsa da nauyin da ke kansa. Wannan hoton ne ke nuna ko matsalar ta zo ne a kilomita 120 da injin mai zafi, ko kuwa da sanyin safiya. Akwai kuma lambobin jiran tabbaci: wasu matsalolin sai sun faru a tafiya biyu a jere kafin fitilar cek injin ta kama, amma manhajar tana ganinsu tun daga karon farko.

Lamba dai alama ce kawai, ba hukunci ba. P0171 ba ta ce a sayi sabon famfo ba, domin tiyon iska da ya tsage ma yana kawo ta.

Kuskuren da ke ƙona shaida

Kowace manhaja tana da maɓallin goge lambobi, kuma masu sikanin da yawa suna danna shi don fitilar ta mutu, mai mota ya tafi da murna. Ga motar da ke ƙarƙashin garanti, wannan asara ce: lambar ta tafi, hoton yanayin injin ya tafi da ita. Cire kan batir ma yana iya share su a wasu motocin.

Jinkiri ma yana yin irin wannan ɓarnar. A tsarin OBD-II, fitilar tana mutuwa da kanta bayan tafiya 3 a jere ba tare da matsalar ta dawo ba, lambar kuma tana gogewa bayan injin ya yi zafi ya huce sau 40. Wanda ke Katsina, kuma dilansa ke Kano, Abuja ko Legas, bai kamata ya bar makonni su shuɗe ba.

Yadda ake tara hujja da waya

Da zarar abin ya faru, direba ya samu wuri ya tsaya, ya ɗauki bidiyon dashbod kafin ya kashe injin, yadda fitilu da saƙon allo da lambar kilomita za su fito. Sannan ya jona na'urar, ya ɗauki hoton allon lambobin da na yanayin injin.

Idan babu lamba ko ɗaya, sai a kunna naɗar bayanai a manhajar, a zaɓi juyin injin, matsayin totur, zafin iska da na ruwa, da ƙarfin turin mai idan motar tana bayarwa. A bar wayar a hannun abokin tafiya, ba a hannun mai tuƙi ba. Idan jadawalin ya nuna totur a buɗe amma turin mai ya faɗi, an san inda za a nufa.

A kuma riƙa rubuta ranar, lokacin, yawan man da ke tanki, gidan man da aka sha, da ko na'urar sanyaya ɗaki tana kunne. Bayan karo uku ko huɗu, salon matsalar yakan bayyana.

Gargaɗi: idan fitilar cek injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, wuta na tsallake sosai, kuma ɗanyen mai yana iya ƙona indomi. A nan tsayawa ake yi, ba gwaji ba.

Zafi, ƙura da mai

Yanayin Katsina yana da hannu a wasu matsalolin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma injin mai turbo yana rage ƙarfi idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi da yawa. Kwail ko famfon da ya fara gajiya yakan yi aiki da safe ya gaza da rana. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, tana ɓata na'urar awonta.

Sai batun mai. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima cikin Najeriya, kuma masu motoci da dama sun koka. Garanti ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai, don haka ajiye rasit ko saƙon banki na gidan mai yana da amfani, sayen na 'yan bumburutu kuwa kasada ce.

Wani lokacin laifin na masana'anta ne

A 2010 kamfanin BMW ya janye motoci kusan 130,000 a Amurka, ciki har da 335i da 535i, saboda famfon mai mai matsi da ke sa injin ya rage ƙarfi. A 2020 Toyota da Lexus sun janye miliyoyin motoci saboda famfon cikin tanki da ke iya tsayawa ana cikin tafiya. Irin waɗannan motocin suna shigowa Najeriya a matsayin 'yan Kwatano. Shigar da lambar chasis mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna ko motar tana da janyewar da ba a gyara ba.

Garantin wa ake magana?

Sabuwar motar da aka saya a hannun wakilin kamfani, kamar Toyota Nigeria, Coscharis Motors na BMW ko Weststar Associates na Mercedes-Benz, tana da garantin masana'anta. 'Yar Kwatano kuwa galibi garantinta ba ya biyo ta, sai alƙawarin da dila ya yi, wanda ya kamata ya kasance a rubuce.

Kafin a kai motar, kada rewaya ya yanka waya, kada a sauya manhajar birenbos don ƙarin gudu, domin waɗannan suna ba dila damar janye hannu. A wurin dila, mai mota ya miƙa bidiyo da hotunan, ya nemi a rubuta ƙorafinsa a katin aiki da kwanan wata da kilomita, ya karɓi kwafi ko da an ce ba a ga komai ba. Wannan takardar ce ke tabbatar da cewa matsalar ta fara tun garanti yana da rai. Idan aka ƙi gyara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi, kuma abin da za ta fara nema shi ne waɗannan takardun.