Ƙwaron da Ake Ɗauka Tsuntsu Ne a Lambunan Gida

A ƙasashen Turai, tsakanin watan Yuni da Satumba, masu shuka furanni a gidajensu kan yi iƙirarin sun ga hamingbad, wato ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai tsayawa cak a iska yana shan zaƙin fure, alhali kuwa tsuntsun ba ya rayuwa a daji ko'ina sai a nahiyar Amurka. Abin da suke gani ƙwaro ne daga dangin faɗa-wuta, wanda masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya bayyana a shekarar 1758, kuma masana ke kira Macroglossum stellatarum a yau.

Ba za a ga laifin masu wannan ruɗu ba, domin yawancin danginsa da dare suke fita, shi kuwa da rana tsaka yake kiwo, ko da ana yayyafi, yana kaɗa fukafukai kimanin sau 70 zuwa 80 a daƙiƙa guda har kunne ya ji ƙuginsu, ga kuma gashin ƙarshen cikinsa da ke buɗewa tamkar wutsiya. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da haɗuwar siffa, wato halittu biyu da asalinsu ya yi nisa su wayi gari suna kama da juna saboda abinci ɗaya suke nema ta hanya ɗaya, a nan kuwa abincin shi ne zaƙin da ke can ƙasan fure mai dogon wuya.

Wanda ya natsu ya duba ba zai daɗe cikin shakka ba. Faɗin ƙwaron idan ya buɗe fukafukai bai wuce milimita 40 zuwa 45 ba, na gaba toka-toka ne masu ratsin baƙi, na baya ruwan lemo, yana da ƙahonnin ji guda biyu a ka, sannan abin da ake zaton baki ne bututun tsotso ne mai tsawon milimita 25 zuwa 28, wanda yake naɗewa da zarar ya bar furen. Abin da ya fi sauƙaƙa ganinsa, duk da saurinsa, shi ne riƙon wuri, domin yakan komo kan furannin da ya sami zaƙi a kusan lokaci ɗaya kowace rana, kuma binciken masaniya Almut Kelber ya nuna cewa shuɗin fure yake fara nufa tun bai ɗanɗana komai ba, amma yana koyon wani launin idan can ladan yake.

Daga yankin tekun Bahar Rum yake hijira zuwa arewa idan zafi ya shigo, saboda sanyin arewacin Turai kan kashe yawancinsu. Mai lambun da ke son ganinsa kuma yakan yi wa kansa asara ba da sani ba, domin tsutsarsa, koriya mai ɗan ƙaho a baya, ganyen Galium take ci, ciyawar da ake yawan nomewa a zubar.

A Afirka kudu da Sahara akwai ɗan'uwansa mai fita da rana, Cephonodes hylas, wanda fukafukansa garai-garai ne ana hango abu ta cikinsu, tsutsarsa kuma tana cin ganyen kofi da na dangin gauɗe. Da wuya a nan a ɗauke shi a matsayin sha-kauci, tunda wannan tsuntsu galibi sauka yake yi a kan reshe kafin ya sha.