ƘURI'A TSAKANIN UBANGIDA DA ALƘALI: ABIN DA MALAMAN JAMI'A SUKA GANO

Orozo wani gari ne a gefen Abuja, a kan hanyar da ta tashi daga Karu ta nufi Karshi, kuma yana ɗaya daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Mutumin Orozo ba shi da gwamnan da zai zaɓa, ba shi da majalisar dokoki ta jiha, domin Babban Birnin Tarayya minista ne ke riƙe da shi. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓen kansila da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar wakilai, da sanata guda, sai kuma Shugaban Ƙasa. Amma duk da haka, a 2023 sai da nauyin ƙuri'ar wannan talaka ya zama abin muhawara a gaban Kotun Ƙoli ta Nijeriya.

Sashe na 134 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a sulusi biyu na jihohi da kuma Babban Birnin Tarayya kafin ya zama Shugaban Ƙasa. Alhaji Bola Ahmed Tinubu bai sami rubu'i a Abuja ba, saboda haka masu ƙara suka ce nasararsa ba ta cika ba. Ran 26 ga watan Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Abuja tamkar jiha ta 37 take, watau ƙuri'ar Orozo ba ta fi ta Gumel ko ta Argungu daraja ba.

Ba yau aka fara irin wannan lissafi ba. A zaɓen watan Agusta 1979, Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12 daga cikin 19, amma a Jihar Kano, inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta yi rinjaye, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari sosai ba. Lauyansa, Cif Richard Akinjide, ya ce sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba, don haka abin da aka samu a Kano ya wadatar. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, ran 26 ga watan Satumba 1979 Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams, ta ba Shagari gaskiya, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya saɓa. Bayan kwana 5 aka rantsar da sabon Shugaba a Ikko.

Waɗannan shari'u biyu, da shekara 44 a tsakaninsu, suna nuna abin da malaman kimiyyar siyasa suka daɗe suna bincike a kai: ƙuri'ar ɗan Nijeriya takan ratsa hannu biyu waɗanda ba nasa ba. Kafin ranar zaɓe akwai hannun ubangida, bayan zaɓe kuma akwai na alƙali.

Batun ubangida tsohon zance ne a ƙasar Hausa. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, a cikin littafinsa na 1960 game da mulkin Zazzau, ya bayyana yadda barantaka ta zama ginshiƙin sarauta: bara yana ba da biyayya da hidima, ubangida kuwa yana ba da kariya da abin sakawa a baka, wani lokaci har da muƙami. A 1970 C. S. Whitaker ya nuna cewa zuwan jam'iyyu a Jihar Arewa bai kashe wannan al'ada ba, shiga cikinta kawai jam'iyyun suka yi. Daga baya Richard Joseph, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan a ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da littafinsa a 1987 a kan Jumhuriya ta Biyu, inda ya nuna yadda ake ɗaukar muƙamin gwamnati tamkar gandu, mai riƙe da shi ya ci, ya kuma ciyar da magoya bayansa. Inda muƙami ya zama gandu, faɗuwa zaɓe ta zama yunwa ga dubban mutane, shi ya sa ba mai yarda ya faɗi sai ya ƙure kotu.

A cikin malaman da suka gaji wannan fage, babu wanda ƙaddara ta gwada iliminsa a aikace kamar Farfesa Attahiru Muhammadu Jega. An haife shi a 1957 a garin Jega, cikin Jihar Kabi ta yanzu. Ya karanta kimiyyar siyasa a Kano, sa'an nan ya tafi Jami'ar Northwestern a Amurka, inda ya sami digirin dokta a 1985 da bincike a kan aikin noman rani na Bakolori da halin da manoman wurin suka shiga. Watau tun farko hankalinsa yana kan dangantakar talaka da hukuma. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, a zamanin mulkin soja, ya riƙe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano, kana ya zama Shugaban Jami'ar Bayero a 2005.

Zaɓen 2007 ya zo da maguɗin da har wanda ya ci, marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yarda akwai gyara a cikinsa. Ya kafa kwamiti mai mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, Farfesa Jega kuma yana ciki. Rahoton da suka miƙa a watan Disamba 2008 ya taɓa hannayen nan biyu. Ya ba da shawara a gama duk ƙarar zaɓe kafin a rantsar da kowa, don kada mai mulki ya yi shari'a da dukiyar gwamnati a aljihu. Ya ce a ɗora wa hukumar zaɓe nauyin tabbatar da cewa zaɓenta ya inganta, maimakon a bar mai ƙara da wannan kaya. Har ila yau ya nemi a kafa hukuma ta musamman don hukunta masu laifin zaɓe. A cikin wannan wata ne Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen 'Yar'aduwa a ƙarar marigayi Janar Muhammadu Buhari, alƙalai 4 suka amince, 3 suka saɓa.

A watan Yuni 2010 aka naɗa Farfesa Jega shugaban hukumar zaɓe, INEC. Cikin shekara 5 da ya yi, an sabunta rajistar masu jefa ƙuri'a, an shigo da matasa masu yi wa ƙasa hidima su tsare rumfuna, an ɗora malaman jami'a a kan tattara sakamako, an kuma kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. A 2015, karo na farko a tarihin Nijeriya, Shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kuma miƙa mulki.

Sai dai abin da shugaban hukuma ke iya gyarawa shi ne tsakiya, watau rumfa da ƙidaya. Ƙarshen igiyar biyu suna hannun wasu. A 2016, a shari'ar gwamnan Jihar Ribas, Kotun Ƙoli ta ce na'urar tantancewa ba ta kawar da rajistar takarda ba, tun da dokar zaɓe ba ta ba ta wannan matsayi ba, kuma sai a Dokar Zaɓe ta 2022 aka toshe wannan kafa. Da cusa ƙuri'un boge ya yi wuya, sai 'yan siyasa suka koma sayen ƙuri'a a bakin rumfa, abin da masu sa ido suka yi ta kuka da shi a zaɓen gwamnan Ekiti na 2018. Su kansu malaman ba su fita fes ba, domin a 2021 wata kotu a Jihar Akwa Ibom ta ɗaure wani farfesa shekara 3 saboda sauya sakamakon zaɓen 2019.

Ta ɓangaren kotu ma abin bai lafa ba. A watan Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukan ƙuri'un jam'iyyar APC a Jihar Zamfara saboda rashin zaɓen fid da gwani na halal, waɗanda suka zo na biyu suka hau. A watan Janairu 2020 ta ba wanda hukumar zaɓe ta sa na huɗu kujerar gwamnan Imo. A Kano kuwa, kotun zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Alhaji Abba Kabir Yusuf a watan Satumba 2023 saboda takardun ba su da hatimi ko sa hannu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu wajen cire shi, sai ran 12 ga watan Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. Wata huɗu Kanawa suka yi ba su san makomar ƙuri'arsu ba.

Masu bincike ba su ce a raba kotu da zaɓe ba, domin inda babu alƙali sanda ce ke raba gardama, kuma tarzomar Jihar Yamma ta 1965 ta isa ishara. Abin da aikinsu ya nuna shi ne, muddin talaka bai sami ruwa da asibiti da makaranta a matsayin haƙƙinsa ba sai ta alfarmar ubangida, ƙuri'arsa za ta ci gaba da zama abin ciniki, kuma muddin zaɓe bai fita da tsabta daga rumfa ba, alƙalai za su ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasu ba. Magani na kan takarda tun 2008, abin da ya rage shi ne 'yan majalisa, waɗanda su ne ke cin moriyar halin da ake ciki, su yarda su mai da shi doka. Ranar da aka yi haka, mutumin Orozo zai jefa ƙuri'arsa da safe, ya kwana da sanin cewa shi ne ya yanke hukunci.