Garabasar kayan kwamfuta: Abin dubawa kafin sayen rautar intanet ta gida

A duk watan Nuwamba, shafukan sayayya irin su Jumia da Konga kan cika da tallan rangwamen Black Friday. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja kuwa, ba a jiran wani wata, kullum akwai mai kiran mutum ya zo ya kwashi garabasa.

Cikin kayan da ake rububinsu akwai rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida ta Wi-Fi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, magidanta da dama na ganin gara a sayi data guda a raba wa kowa, da a riƙa saya wa kowace waya tata.

Lissafin yana da kyau. Inda ake tafka asara shi ne wajen zaɓen na'urar, domin kuɗin da ke rubuce a kwali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe.

A fara da sabis ɗin unguwa

Rauta mai amfani da layi ba ta ƙirƙirar sabis, abin da turken kamfani ya aiko shi take rabawa. Idan sabis ɗin kamfanin ba shi da ƙarfi a unguwa, ko mai tsadar aka saya ba za ta sauya zani ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ari layukan kamfanoni biyu ko uku, a sa a waya, a gwada saurinsu a cikin gidan ta manhajar Speedtest ko shafin fast.com. A yi gwajin da daddare bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan intanet, domin saurin da ake gani da asuba yaudara ne.

Daga nan sai batun kulle. Rautocin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa galibi a kulle suke, layinsu kaɗai suke karɓa. Rangwamen na gaskiya ne, amma ranar da sabis ya lalace ko aka sauya unguwa, na'urar ta zama kayan ado. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, sai dai tana karɓar kowane layi, muddin tana kama zangon da kamfanin ke aiki da shi. Rautar gwanjo da aka ƙera don wata ƙasa tana iya rasa wasu zangunan 4G na Najeriya, don haka a sa layi a gwada ta a shago kafin a biya.

5G daban, 5GHz daban

Nan ne ake yawan yi wa masu saye ɗanwaken zagaye. Fasahar 5G, wadda MTN ya fara a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, hanya ce tsakanin turken kamfani da rauta. Shi kuma 5GHz zango ne na Wi-Fi tsakanin rauta da wayar mutum a cikin gida. Rauta na iya ɗaukar 5GHz alhali 4G kawai take kamawa. Sannan 5G ɗin bai kai kowace unguwa ba, har a manyan birane.

Zangon 5GHz ya fi sauri, amma bango na saurin raunana shi. Na 2.4GHz ya fi nisan zango da ratsa gini, ko da yake ya fi cunkoso. A gidan gargajiya mai zaure da tsakar gida da sassa da yawa, rauta mai zanguna biyun ta fi dacewa.

Wurin ajiya ma na da tasiri. A ɗora ta a sama, kusa da taga, ta ɓangaren da ya fi kusa da tsakiyar gida. Kada a cusa ta bayan talabijin ko cikin durowa, kuma kada rana ta riƙa dukanta, domin zafin bazara na rage mata kuzari, yana kuma kumbura batirin ƙananan na'urorin MiFi.

Idan an ɗauke wuta fa?

MiFi na da batiri, amma ƙarfinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba. Babbar rauta ta fi ƙarfi, sai dai yawancinsu na mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Daɗin abin shi ne ba ta da cin wuta, kuma akwai ƙaramin batiri na musamman da ke riƙe ta na sa'o'i. A duba lambar da ke jikin cajarta, wadda sau da yawa 12V ce, a sayi batirin da ya yi daidai da ita.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, na kai intanet ta tauraron ɗan'adam inda babu turke. Amma na'urarsa ta fi rauta cin wuta ninki da dama, ga kuɗin wata. Mai sha'awarsa sai ya haɗa da lissafin sola.

Haka kuma, a karanta sharuɗɗan datar da ake kira "mara iyaka". Da yawa na da ma'aunin da idan an kai shi ake rage sauri har ƙarshen wata. Gidan da yara ke kallon YouTube da TikTok zai iya cimma wannan ma'auni tun wata bai raba ba.

Filas mai ƙaryar ciki

A ɓangaren ƙananan kayan kwamfuta, babu inda jabu ya fi yawa kamar filas da katin memori. Ana sarrafa ƙaramin filas ya riƙa nuna 1TB ko 2TB a kwamfuta. Zai yi kamar yana karɓar duk abin da aka zuba masa, amma da ya wuce ainihin cikinsa sai fayiloli su lalace. Ɗalibin da ya ajiye kundin bincikensa, ko mai hoton biki, ba zai gane ba sai ranar da ya zo buɗewa.

Manhajar H2testw ta kyauta tana cika filas da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Sai dai idan filas mai 64GB ya nuna 58 ko 59, wannan ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne tsakanin masana'anta da kwamfuta.

Cajar laftof ma haka. Dole lambar wutarta ta dace da ta kwamfutar, ko 19V ce ko 19.5V ko 20V. Wadda ta cika rashin nauyi a hannu, ko take zafi da wuri, abar tsoro ce, domin tana iya ƙona injin da ya ninka kuɗinta sau da yawa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Linzami da allon madannai kuwa, masu sauƙin kuɗin ma suna aiki, a nan ne rangwame ba ya cutarwa.

Game da tallan intanet, a lura da farashin kaya makonni kafin lokacin garabasa, domin wani rangwamen ƙari ne aka yi aka cire. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da wa'adin garanti. Shi ne hujjar mai saye idan rigima ta kai gaban shugabannin kasuwa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Idan rautar ta iso gida, aikin farko shi ne sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ta Wi-Fi da ta shiga saitin na'urar, a kuma kunna kariyar WPA2 ko WPA3. In ba haka ba, datar da aka saya wa iyali za ta ƙare a hannun matasan da ke zaune a dakalin ƙofar gida.