Hortansiya a Yamai: kallon kitse ake yi wa rogo

Duk ma'aikacin da Allah ya nufa da zuwa ƙaro ilimi Faransa, ko ɗan kasuwar da fatauci ya kai shi can cikin watan Yuli, da wuya ya komo gida bai yi zancen wani fure ba da ake kira hortansiya. Ƙaramin icce ne, tsawonsa bai cika wuce ƙirjin mutum ba, ganyensa faffaɗa, furensa kuwa dunƙule guda kamar an kife ƙoƙo. A yankin Buretanyi na yammacin Faransa, kusan kowane ƙofar gida da shi. Abin mamaki a nan, ƙasa ce ke zaɓa masa launi: in tana da tsami ya fito shuɗi, in babu ya fito ja-ja.

Wani maƙwabcina, babban ma'aikaci, ya taɓa riƙo guda cikin tukunya tun daga Paris. Ya iso da shi cikin ɗari, ya dasa a gindin katanga, ya ɗora wa maigadi aikin ban ruwa safe da yamma. Har watan Fabrairu abin gwanin sha'awa. Da bazara ta kankama, ganye ya fara lanƙwashewa tun hantsi, bakinsa ya ƙone, kafin ruwan farko ya sauka sai kara. Laifin kuwa aka ɗora wa maigadi, alhali bawan Allah bai taɓa fashi ba.

Asalin wannan fure ƙasar Japan ne, kuma ya shiga Turai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Icce ne mai son inuwa da laima da ƙasa mai riƙe ruwa. Irin da aka saba da shi yana ƙulla tohon furensa tun kafin sanyi, a kan reshen bara, sa'an nan ya yi barci na makonni cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba kafin ya buɗe. Matsalar mutanen arewacin Amurka ita ce, sanyinsu ya wuce kima: ƙanƙara kan kashe tohon, shekara ta wuce ba fure. Sai aka gano wani iri a jihar Minesota wanda ke fure a kan tsohon reshe da sabo duka, kamfanin Bailey ya fitar da shi kasuwa a 2004 da sunan Endless Summer. Ko sanyi ya cinye reshen bara, sabon da ya tsiro zai yi fure, ya kuma maimaita har ƙarshen lokacin zafinsu.

To, wannan magani ne na ciwon da ba mu da shi. Masu talla suna cewa yana da juriya, gaskiya ne, amma juriyar sanyi ake nufi. A Yamai, daren Janairu ma yakan tsaya wajen digiri 15 ko 16. Cikin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura 40, iska busasshiya, ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 600 ba, shi ma daga Yuni zuwa Satumba. Ƙasarmu rairayi ce, ka zuba bokiti yanzu, an jima kamar ba a yi ba. Ganye mai faɗi irin na hortansiya yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya jawowa, shi ya sa yake yaushi ko da gindinsa jiƙe yake. A Afirka inda ya karɓu wurare ne masu sanyi, kamar tuddan Kenya da ake nomansa don sayarwa Turai. Mai gidan da ke biyan kuɗin pampo kowane wata, balle wanda ke saye hannun ƴan ga-ruwa, sai ya yi lissafi tun kafin ya haƙa rami.

Wanda ke son gidansa da fure mai maimaitawa ba sai ya hau jirgi ba. Ya gangara bakin kogin Isa, wajen garakan Yantala ko Gamkalle, ko kwarin Gunti Yena, zai tarar da masu renon dashe. Abu na farko da za su nuna masa bugambiliya ce, wadda ke lulluɓe katangun Filato. Ita ma baƙuwa ce, daga Birazil, kuma masanin tsirrai guda ne, Bafaranshe Filibar Komarson, ya raɗa musu suna ita da hortansiya. Sai dai ita ta zo ta tarar da irin ƙasar da take so. Kuskuren da aka fi yi mata shi ne gata: yawan ruwa da taki ganye kawai suke sa ta yi. A dasa ta inda rana ke duka, a shayar da ita sosai shekarar farko, in ta kafu a riƙa bari ƙasa ta bushe tsakanin ban ruwa. Da fure ya kaɗe a rage kan rassan, domin a kan sabon toho take sake yi. Ƙayarta kuma ta isa ta sa mai haurin katanga ya sake shawara.

Ga kuma kariya, ƴar gida, wadda ke tsiro da kanta a dajin Sahel, ta ajiye ruwa cikin kumburarren gindinta, ta yi fure ja cikin rani lokacin da ko ganye babu jikinta. Mu mun raina ta, mutanen Tailan kuwa sun mai da ita sana'a, sun fitar da launi iri-iri suna sayar wa duniya. Abin da ke kashe ta ruwa ne: tukunyarta ta kasance da huda a ƙasa da rairayi mai yawa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe cikin Agusta.

Amma a kula. Ruwan jikin kariya dafi ne, da shi maharba ke shafa kibiya a wasu ƙasashen Afirka. Haka ma loriye-roz da ake jerawa ƙofar gidaje, daga ganye har fure guba ne, ko itacensa ba a hura wuta da shi. Gidan da ke da ƙananan yara ko tumakin layya, a dasa su inda hannu da baki ba su kai, a wanke hannu bayan yanka reshe. Dashen kuwa a bari sai damina ta zauna, cikin Yuli, a kuma kewaye shi da ƙaya ko waya saboda awaki.