Ƙaddara ta riga fata, to kwatar da ta toshe fa?

Duk damina sai an ji katangar ƙasa ta faɗi a wani lungu na cikin birnin Kano, wani lokacin har da asarar rai. Masu zuwa jaje bakinsu ɗaya: "Haka Allah ya so." Gaskiya ne. Sai dai kowa a lungun ya san kwatar da ke gindin katangar ta yi wata uku cunkushe da leda, ruwa yana cin ginin.

Gardamar ƙaddara da alhakin mutum ta girmi ganuwar Kano. Tun farkon Musulunci, Jabariyya irin su Jahmu ɗan Safwan suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa suka ce a'a, mutum shi ke halittar aikinsa, in ba haka ba ina adalcin hisabi? Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 324 bayan Hijira, ya fito daga cikin Mu'utazilawa ya zo da bayanin "kasabu": Allah ne mai halittar aiki, bawa kuwa shi ya nufe shi ya zaɓa, don haka za a tambaye shi. Dubi hannun mai zazzaɓi yana karkarwa, ka kuma dubi hannun ɗan kasuwar Kurmi yana tauye mudu. Duka biyu da ikon Allah suka motsa, amma ko yaro ya san wanda za a tuhuma.

Wannan aƙida ita malaman zaure suka daɗe suna karantarwa cikin Ummul Barahina ta Shehu Sanusi. Kuma da ƙaddara tana ɗauke alhaki, da Shehu Magili bai zauna ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan masu mulki ba.

Ni dai inda na fi samun natsuwa shi ne labarin Sayyidina Umar. Da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, sai ya fasa shiga, ya juya da jama'arsa. Aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa komawar ma ƙaddara ce.

Saboda haka masu unguwanni da matasan lungu, kafin hadarin bana ya haɗo, a fito da shebur a yashe kwatoci.