Ƙofar Haɗe-haɗe a Gidajen Zamani na Garwa: Dalilan Karɓuwarta da Abin da Take Haifarwa

A tsarin gidan gargajiya na Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, mashigar gida ɗaki ce sukutum, wadda Bahaushe ke kira zaure, Bafulatani kuma ya ce jawleeru, kuma abin da ke rufe bakinta sau da yawa bai wuce asabari ko tufaniyar zana ko ƙyauren katako marar nauyi ba, domin ainihin tsaron gidan yana hannun mutanen da ke zaune a zauren. Daga baya ƙyauren langa-langa ya shigo, sannan ƙofar ƙarfe ta masu walda ta mamaye unguwanni irin su Yelwa da Fulɓere da Rumde Ajiya, har aka kai ga ƙofofin da ake shigo da su a kwantena daga Sin da Turkiyya. Na baya-bayan nan a jerin ita ce ƙofar haɗe-haɗe marar ado, wadda har yanzu ba ta wuce sababbin gidajen masu hali ba, amma tana nuna inda sha'awar masu gini ta dosa.

Abin da ake nufi da ƙofar haɗe-haɗe shi ne ƙyauren da aka ƙera da kaya iri-iri a lokaci guda, ta yadda kowane abu zai rufe aibin ɗan'uwansa: fuskokinsa biyu na zaren gilashi ne da aka cuɗa da roba aka matse, cikinsa soso ne mai tauri ko katakon da aka manna falle-falle, firam ɗinsa kuwa roba ce irin ta fayif, wani lokaci da ƙarfe a ciki. Kaurinsa yakan kai milimita 44. Salon taƙaita ado da ake haɗa ƙyauren da shi yana nufin fuska sumul mai launi ɗaya, galibi baƙi ko ruwan toka mai duhu, da doguwar mariƙa miƙaƙƙiya, ba zanen fure, ba murɗaɗɗen ƙarfe. Irin wannan ƙofa ta bunƙasa ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 20, inda damuwar mai gida ita ce hana ɗumin ɗaki fita da hana danshi ruɓar da katako, kuma wannan asali yana da muhimmanci wajen auna dacewarta da kwarin Binuwai, inda Garwa take.

Dalili na farko da ya share mata hanya shi ne gajiyar da mutane suka yi da katako da ƙarfe. Katako a Garwa yana tsakanin maƙiya uku, wato gara, da danshin damina da ke kumbura shi daga Mayu zuwa Oktoba, da bushewar hunturu da ke tsattsaga shi. Ga shi kuma katako mai kyau daga dazuzzukan kudu yake zuwa, tun da maɗaci ya yi ƙaranci a dajin arewa. Ƙarfe ya warware matsalar gara, amma ya kawo tasa, domin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ƙofar ƙarfen da rana ta daka takan zama kamar kasko, tana turo zafi cikin falo har bayan magariba. Soson da ke cikin ƙofar haɗe-haɗe yana rage wannan sosai, kuma ga gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki a garin da wutarsa ta dogara da madatsar Lagdo, wadda ruwanta kan ja baya da rani, wannan riba ce ta gaske.

Sai batun tsoro. 'Yan fashin hanya da ake kira zargina, waɗanda suka addabi arewa tun shekarun 1990, da masu garkuwa da mutane a yankin Mayo-Rey, da rikicin Boko Haram da ya tsananta a jihar Arewa Mai Nisa daga 2014, duk sun sa masu dukiya, har da makiyayan da suka dawo birni, suna gina doguwar katanga da get, suna neman makulli mai kama firam a wurare da dama maimakon sakata da kwaɗo. A nan akwai ruɗu da ya kamata a faɗa: ƙarfin ƙofa yana ga yadda aka kafa firam ɗinta, kuma ƙyaure mai tsada da aka ɗaure a jikin bulon da aka yi wa rowar siminti ba ya tsare komai.

Dalilin da ya fi waɗannan tasiri, ko da ba a cika furta shi ba, shi ne ido. Hotunan gidajen Dubai da Istambul suna yawo a wayoyi, 'yan kasuwa suna zuwa suna gani, kuma gine-ginen da aka yi a Garwa domin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, tare da jami'ar da aka kafa a garin a shekarar, sun ƙara yawan gidajen bene da na haya masu fuskar zamani. Ƙofar da ba ta da ado ta zama ita kanta ado, alamar cewa mai gidan ya ga duniya.

Idan aka juya ga sakamako, matsala mafi girma ta launi ce. Baƙar fuska tana zuƙar zafin rana, roba kuwa tana buɗewa da zafi fiye da katako, don haka ƙyauren da fuskarsa ta waje ta gasu alhali ta ciki tana shan sanyin na'ura yakan ɗan lanƙwashe, makulli ya riƙa cijewa da rana ya saki da dare. Ko a Turai an san wannan aibi a ƙofofi masu duhu da ke fuskantar rana, balle a ɗaya daga cikin garuruwa mafi zafi a Kamaru. Maginan zamanin da sun san cewa hadari daga gabas yake tasowa, ranar la'asar kuma daga yamma take duka, kuma zaure da kaurin bangonsa yana kare mashiga daga duka biyun. Gidan zamani da ya zubar da zaure ya bar ƙofa a fili, sai fa in an yi mata baranda mai zurfi. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon, domin tana shiga cikin makullin mai sassa da yawa, tana busar da robar da ke toshe gefen ƙyauren.

Gyara shi ne wuri na biyu da lissafi ke sauyawa. Ƙofar ƙarfe in ta karye, mai walda na bakin titi zai ɗinke ta cikin sa'a guda. Fuskar zaren gilashi in ta tsage ba ta walduwa, kuma makullinta in ya lalace sai an nemo irinsa daga Duwala ko an tsallaka Yola. Tsadar tana farawa tun daga tashar jirgin ruwa, inda kuɗin kwastan na kayan da aka gama ƙerawa ke kaiwa kashi 30 cikin ɗari a ƙasashen ƙungiyar CEMAC, ciki har da Kamaru, a ɗora harajin saye na kashi 19.25, sannan kayan su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda dogo ya tsaya tun 1974, su ƙarasa kusan kilomita 280 a bayan tirela. Kowace ƙofa da ta bi wannan hanya aiki ne da ya suɓuce wa mai walda da kafinta da yaran shagonsu, ko da yake wasu masu walda sun riga sun mayar da martani ta hanyar kwaikwayon salon, suna yin fuska sumul da farantin ƙarfe a farashi mai sauƙi.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da kuɗi. A zaure baƙo yakan yi sallama a amsa masa, almajiri ya samu inuwa, maƙwabci ya zauna ba tare da ya keta sirrin matan gida ba, amma ƙofar da ke toshe sauti da iska tana mayar da sallama ƙararrawa ko kiran waya. Sauyin ya faro ne daga katanga da get, ƙofar ta zo ta kammala shi.

Ga gidan da ke da sanyaya ɗaki, wanda mashigarsa ke fuskantar arewa ko kudu a ƙarƙashin baranda, ƙofar haɗe-haɗe mai launi mai haske ta fi katako da ƙarfe amfani, muddin an sayi makullin ajiya tare da ita. Baƙar ƙofa da ke kallon yamma ba tare da rumfa ba kuwa asarar kuɗi ce a Garwa, komai kyanta a hoto.